Takardar Neman Aikin Tsaron Intanet: Abin da Matasanmu Za Su Rubuta da Abin da Za Su Bari

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a zaman da aka keɓe wa matasa da ɗalibai



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani batu da a ido ƙarami ne, amma ya sha hana ’ya’yanmu shiga inda suka cancanta. Batun shi ne takardar da mai neman aiki yake rubutawa ya bayyana karatunsa da ƙwarewarsa, wadda ’yan boko ke kira CV. An nemi mu taƙaita a kan fanni guda, wato tsaron intanet, aikin kare kwamfutoci da wayoyi da asusun banki da bayanan jama’a daga masu kutse da ’yan damfara.

Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, mutanen wannan yanki suka san cewa kowane zamani yakan zo da aikinsa. Zamanin gyaɗa da auduga ya nemi akawu da mai awo, kuma ba a ba kowa sikeli sai wanda aka gwada lissafinsa aka yarda da amanarsa. Zamaninmu ya mayar da dukiyar mutane cikin waya, saboda haka yana neman masu gadinta. Sharaɗin kuwa bai sauya ba: iyawa da amana. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa a yau.

Me ya sa ake neman waɗannan ma’aikata?

Ba sai mun je nesa ba. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya tilasta wa mai sayar da hatsi a kasuwar Shinkafi da mahaucin Zurmi karɓar kuɗi ta waya da na’urar POS. Tare da wannan sauƙi aka samu alat na bogi, da kiran wayar da ake yi da sunan banki a nemi lambar sirri, da sace layin waya a kwashe abin da ke asusu. A wajen ƙasar nan ma haka abin yake. A watan Fabrairun 2016 masu kutse suka sace dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangaladash, a watan Mayun 2017 kuma muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila.

Hukumomi sun mayar da martani da dokoki, dokokin nan kuwa su ne suka haifar da guraben aiki. A 2015 aka kafa dokar hana laifukan intanet ta Nijeriya, aka yi mata gyara a 2024. A 2018 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa’idojin tsaron intanet da suka wajabta wa bankuna naɗa babban jami’in tsaron bayanai. A 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama’a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa manyan cibiyoyin da ke riƙe da bayanan mutane su ajiye jami’in kare bayanai. Saboda haka bankuna da kamfanonin sadarwa da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya da hukumomin gwamnati irin su NITDA da Galaxy Backbone, duk wurare ne da ake buƙatar irin waɗannan hannuwa.

Ta fuskar karatu ma an buɗe hanya. Jami’ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe na musamman na tsaron intanet. A 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta rarraba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta zuwa rassa huɗu, ɗaya daga ciki shi ne tsaron intanet da kare bayanai. A 2023 kuma Ma’aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, wannan fanni yana cikin darussansa. Mu da muke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, da Jami’ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ba mu da hujjar zama ’yan kallo.

Kirari daban, shaida daban

Matasanmu sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu idan suka zo rubuta wannan takarda. Na farko shi ne ramin kunya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai yaro ya jera sunayen makarantun da ya yi tun daga firamare, ya rufe takarda bai faɗi ko abu ɗaya da hannunsa ya taɓa yi ba. Na biyu shi ne ramin kirari, inda zai kwafo kalmomi daga intanet ya ce shi haziƙi ne, jarumi, mai aiki tuƙuru, ƙwararre a kowane fanni. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa ta san darajar kirari, ta kuma san muhallinsa. Muhallinsa fada ne da dandali. Mai ɗaukar ma’aikaci kuwa shaida yake nema.

Mu sa kanmu a matsayinsa. Mutum ne da takardu ɗaruruwa a gabansa, kuma wanda zai ɗauka zai miƙa masa makullin taskar kamfani: kalmomin sirri, da bayanan abokan ciniki, da hanyar shiga asusu. Tambayoyi biyu ne a ransa. Me wannan yaro ya taɓa yi da hannunsa? Kuma za a iya barinsa shi kaɗai da makulli? Duk layin da bai amsa ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ba, cin wuri kawai yake yi. Faɗin abin da ka aikata, da inda ka aikata shi, da wanda zai iya tabbatarwa, ba ya cikin yabon kai. Bayar da shaida ne, kuma babu kunya a cikinsa.

Siffar takardar

Da Turanci ake rubuta ta, Turanci mai sauƙi marar kuskure. Ga wanda bai daɗe da kammala karatu ba shafi ɗaya ya wadatar, kada dai a wuce biyu. A bar ado da launuka da zane-zane. Dalili kuwa shi ne manyan kamfanoni da yawa suna amfani da manhajar tace takardu, wadda ke karanta rubutu ta nemi kalmomin da ke cikin tallar aikin kafin idon mutum ya kai kansa. Takardar da aka ɗauki hotonta da waya, ko aka cika ta da akwatuna, manhajar tana iya kasa karanta ta. A adana ta a tsarin PDF ko Word, a sa wa fayil ɗin cikakken sunan mai ita.

A sama a rubuta suna kamar yadda yake a takardun makaranta, da lambar wayar da ake samu, da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum. Laƙabin da abokai ke kiran mutum da shi a majalisa ba ya shiga nan. Sai garin da ake zaune, da adireshin shafin LinkedIn ko GitHub in akwai.

Akwai abubuwan da ba a sawa ko kaɗan: lambar NIN, da lambar BVN, da lambar asusun banki, da cikakken kwatancen gida. Wannan ita ce jarrabawar farko a wannan fanni. Wanda ya baza sirrinsa a takardar da za ta bi hannuwa goma, ya riga ya nuna yadda zai riƙe sirrin wasu. Idan aikin gwamnati ne da ke buƙatar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da shekarun haihuwa, sai a bayar da su a shafin hukumar na ainihi, a gurbin da aka tanada.

Bayan wannan sai taƙaitaccen bayani na layi biyu ko uku: wane ne kai, me ka iya, wane aiki kake nema. A ambaci aikin da sunansa. Fannin yana da faɗi. Akwai masu zama a ɗakin sa-ido da ake kira SOC, suna karɓa-karɓa dare da rana suna duba alamun kutse, kuma nan ne ƙofar da yawancin sababbi ke shiga. Akwai masu gwada ƙarfin tsaro da izinin mai shi. Akwai masu kula da bin doka da kare bayanai. Akwai masu binciken na’ura bayan an yi ɓarna. Wanda ya ce duk ya iya, mai karatu zai ɗauka babu wanda ya iya.

Zuciyar takardar: aikin hannu

A nan ne ɗan Zurmi ko Shinkafi yakan ce: ai ni ban taɓa aiki a banki ba, me zan rubuta? Amsa ita ce a fannin nan ana iya tara shaida tun daga ɗakin kwana. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi ta isa a kafa ɗakin gwaji. Ana saka manhajar VirtualBox, wadda kyauta ce, a ɗora Kali Linux a cikinta, a ɗora kuma Metasploitable, wata kwamfutar gwaji da aka ƙera da gangan cike da rauni don masu koyo. Da Nmap ake duba ƙofofin da ke buɗe, da Wireshark ake kallon bayanan da ke kai-kawo. Da zarar an sauke waɗannan, ba sa buƙatar intanet. Mu da muka ga yadda aka katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara a watan Satumban 2021 mun san amfanin kayan aikin da ba su dogara da netwok ba. Idan kuma akwai data, shafuka irin su TryHackMe da Hack The Box suna da darussan gwaji, kuma suna ajiye tarihin abin da mutum ya warware.

Kowane gwaji aka kammala, a rubuta ɗan rahoto: me aka nema, me aka gano, yaya za a toshe. A ajiye rahotannin a GitHub, a sa adireshin a takarda. Rabin aikin jami’in tsaro rubuta rahoto ne, saboda haka rahoto mai tsabta shaida ce biyu a wuri guda.

Sai kuma aikin da aka yi wa jama’a, wanda matasanmu ke rainawa. Wanda ya yi zaman koyon aiki na SIWES a ɗakin kwamfutar wata makaranta, ko ya yi hidimar ƙasa a cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, ko ya riƙe shagon POS, yana da abin faɗa in ya san yadda zai faɗe shi. Ga misali. Maimakon a rubuta “na yi aiki a ɗakin kwamfuta”, sai a ce: “Na kula da kwamfutoci 30 na wata makarantar sakandare tsawon wata 6; na sabunta manhajojinsu, na raba asusun malamai da na ɗalibai, na kafa tsarin adana kwafin sakamakon jarrabawa duk mako.” Maimakon “ina wayar da kan jama’a”, sai a ce: “Na koyar da masu POS 25 da Hausa yadda za su gane alat na bogi da yadda za su kunna tabbaci mai hawa biyu a WhatsApp.” Kowane layi ya fara da aikatau, ya ƙunshi adadi, ya ƙare da sakamako. Adadin kuma ya zama na gaskiya, wanda shugaban makarantar zai tabbatar in an kira shi.

Kada a manta da sa Hausa a cikin harsunan da aka iya. ’Yan damfarar da ke kiran iyayenmu da Hausa suke yaudararsu, kuma bankin da ke son kare abokan cinikinsa a Arewa yana buƙatar wanda zai fahimci yaudarar ya kuma yi gargaɗi da harshen da ake ji.

Karatu da takardun shaida

A fara da karatu mafi girma a gangaro: babbar difloma ko digiri, da makaranta, da shekara. Idan aikin binciken kammala karatu ya shafi tsaro, a ambaci takensa. Ba sai an sa firamare ba. Wanda ya karanta lissafi ko injiniyan lantarki ko ma shari’a kada ya karaya, domin ɓangaren kare bayanai yana buƙatar masu fahimtar doka.

Takardun ƙwarewa suna da nauyi, amma a san matakinsu. Cisco Networking Academy tana da darussan share fage na kyauta. Takardar CC ta ƙungiyar ISC2, wadda aka fito da ita a 2022, an yi ta ne don masu farawa. Security+ ta CompTIA tana cikin waɗanda aka fi ambata a tallar ƙananan gurabe, kuma shekara uku take yi kafin a sabunta ta. CISSP kuwa sai wanda ya yi shekara biyar yana aikin, don haka sabon ɗalibin da ya sa ta a takardarsa ya tona kansa. A rubuta sunan takarda, da wanda ya bayar, da shekara. Wadda ake kan karatunta a ce ana kan karatunta. A bambanta takardar halartar bita ta kwana biyu da takardar cin jarrabawa. Irin waɗannan takardu ana tantance su ta intanet cikin ’yan mintuna, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Amana

Yanzu mun zo tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Wani matashi zai ga burgewa ce ya rubuta cewa ya taɓa kutsawa shafin makarantarsu ko wayar abokinsa. Wannan amsa laifi ne a rubuce. Shiga na’urar wani ba da izini ba yana cikin abubuwan da dokar 2015 ta tanadi ɗauri da tara a kansu. Kada a gwada ƙarfin tsaron kowa sai da izininsa a rubuce, kuma ko an samu izinin, ba a fallasa sunansa da rauninsa a takardar neman aiki.

Haka nan mai ɗaukar aiki zai leƙa Facebook da TikTok da X ya ga irin mutumin da zai ba makulli. Zagi da yaɗa jita-jita da hotunan tarin kuɗi duk suna magana da murya fiye da ta takarda. Muna kuma jan kunnen matasa game da ara wa wani asusun banki don a turo kuɗi a ba su la’ada. Tun 2017 Babban Banki yake da tsarin sa lambar BVN ta waɗanda aka samu da damfara a jerin waɗanda ake sa wa ido. Wanda sunansa ya shiga nan saboda ’yan dubban nairori, ya rufe wa kansa ƙofar aikin banki da hannunsa.

Game da giɓin shekaru, kada a ɓoye, kada a ƙirƙiro aikin da ba a yi ba don a cike shi. Kowa ya san an rufe makarantu a jihar nan a 2021 saboda matsalar tsaro, kuma iyalai da yawa a ƙananan hukumominmu uku sun bar garuruwansu. Layi ɗaya ya isa: karatu ya tsaya daga shekara kaza zuwa kaza saboda halin tsaro, ga kuma abin da aka koya a tsakani. Wanda ya ci gaba da koyo cikin wannan hali ya nuna juriyar da ɗakin sa-ido ke buƙata.

Masu tsaya wa mutum su zama biyu ko uku waɗanda suka ga aikinsa da idonsu: malamin da ya duba bincikensa, ko shugaban wurin da ya yi koyon aiki. A nemi izininsu tukuna. Sunan babban mutumin da bai san aikinka ba ba zai amsa tambayar da za a yi masa ba.

Kafin a aika

Takarda ɗaya ba ta yi wa kowane aiki. A karanta tallar aikin da kyau, a ja layi a ƙarƙashin abubuwan da aka nema, a fito da waɗanda aka iya da gaske zuwa sama, da irin kalmomin da tallar ta yi amfani da su. A ba mutum biyu su karanta, ɗaya don Turanci, ɗaya don fannin. Kuskuren harafi ɗaya a aikin tsaro yana iya barin ƙofa a buɗe, don haka ba a yi wa mai neman wannan aiki uzurin da ake yi wa wasu. Sannan duk layin da aka rubuta a shirya kare shi a ranar ganawa, domin za a iya ajiye kwamfuta a ce bismillah, nuna mana. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A kuma kiyayi tallar aiki ta bogi. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka aiki, ko ya turo adireshi ta WhatsApp ya ce ka shigar da BVN da lambar katin banki, ɗan damfara ne. Abin kunya ne mai neman aikin gadi a sace masa takalmi a bakin ƙofa.

Kammalawa

Ya ’yan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar da za a aika bayan hidimar ƙasa, tun daga shekarar farko ta difloma ake tara abin da za a zuba a cikinta. Wannan kira ya haɗa da ’ya’yanmu mata, domin aiki ne na natsuwa da lura, kuma akwai ɓangarorinsa da ake yi daga gida.

Muna roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Na farko, a kafa ɗan kwamiti daga cikin ’ya’yanta da ke aiki a Gusau da Kaduna da Abuja da Legas, su riƙa duba takardun ƙannensu kafin a aika. Na biyu, shugabannin makarantu da masu cibiyoyin kwamfuta da ke cikinmu su ba ɗalibai izini a rubuce su yi musu aikin tsaro na sa-kai, su kuma ba su takardar shaida idan sun gama. Na uku, asusun tallafin ilimi ya duba yiwuwar biya wa ko da mutum biyu ko uku kuɗin jarrabawar ƙwarewa a kowace shekara, tunda da kuɗin waje ake biyanta, a zaɓe su kuma bisa aikin hannun da suka nuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya yi wa matasanmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.